Yadda Za Ka Kalli Fim a Sinima Ya Zauna Maka a Rai, Ka Kuma Adana Tarihin Kallon

Tambayi wanda ya daɗe yana zuwa sinima fim ɗin da ya fi so, za ka ji bai tsaya ga labarin kaɗai ba. Zai gaya maka inda ya zauna, wanda ke gefensa, da wurin da zauren ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mutane. Wanda aka kalla a waya kuwa, kafin wata ya zagayo da ƙyar ake tuna sunansa. Abubuwa huɗu ne suke kawo wannan bambanci: girman hoto, duhu, sauti mai cika wuri, da hankalin da bai rabu biyu ba. Tun ranar 28 ga Disamba 1895, da 'yan'uwan nan Auguste da Louis Lumière suka haska wa masu biyan kuɗin shiga fim a birnin Paris, girman hoto da duhun ake saya. Sauti ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1920. Dukkan huɗun kana da ta cewa a kansu, kuma yawancin shawarar kafin ka fita daga gida ake yanke ta.

Zaure kafin fim

Babban gidan sinima yana da zaure da yawa, kuma ba ɗaya suke ba. A makon farko ana sa sabon fim a zaure mafi girma, mai allo mafi faɗi da lasifikoki mafi kyau. Da zarar masu kallo sun ragu sai a mayar da shi ƙaramin ɗaki don ba wa sabon shigowa wuri. Saboda haka fim ɗin da ka daɗe kana jira, kada ka bari ya wuce mako na biyu. Kafin ka biya, duba lambar zauren, ka dubi taswirar kujerun. Yawan layuka da yawan kujerun kowane layi sun isa su nuna maka girman wurin.

Sunayen da ake liƙa wa wasu zaurukan suna da ma'ana, amma ba kowane fim ne ke cin moriyarsu ba. Yawancin fina-finai ana haska su ne da ɗayan siga biyu: 1.85:1, wato faɗin hoton ya kusa ninka tsayinsa biyu, ko 2.39:1, mai faɗi sosai, jikan tsarin allo mai faɗi na CinemaScope da ya fito a 1953. IMAX na asali, tsarin haska fim a ƙaton allo, wanda aka fara nunawa a baje kolin duniya na Osaka ta Japan a 1970, sigarsa 1.43:1 ce, doguwa kamar bangon bene. Amma yawancin zaurukan da ke ɗauke da wannan suna a yau na dijital ne masu sigar 1.90:1, kuma allonsu bai kai na asalin ba. Ƙarin hoton sama da ƙasa ba ya samuwa sai idan an ɗauki fim ɗin ko an shirya shi musamman don hakan. In ba haka ba, babban allo kawai ka saya, wanda shi ma ba laifi, muddin ka san abin da ka biya.

Dolby Atmos kuwa, da ya shigo a 2012, harkar sauti ce. Ana ƙara lasifikoki a rufin zaure, kuma mai haɗa sauti yana iya ɗaukar ƙara guda, kamar ta jirgi ko ta ɗigon ruwa, ya zagaya da ita ta bisa kanka. Fim mai yawan hira tsakanin mutum biyu a ɗaki ba ya bukatar wannan. Na yaƙi, na ban tsoro, ko mai kiɗa da yawa, nan ake jin bambancin.

Kujera

A nan mutane suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Lokacin da injiniyoyi ke daidaita sautin zaure, suna kafa makirufo ɗinsu ne a tsakiya, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zauren daga allo zuwa bangon baya. A wurin ne sautin hagu, na dama, na tsakiya da na kewaye suke isowa daidai wa daida. Idan zaure yana da layi 15, nemi na 10, ka zauna a tsakiyarsa ko kujera biyu zuwa uku daga tsakiyar. Mai layi 9, na 6. Lura cewa wasu wuraren daga allo suke fara ƙirga layi, wasu daga baya, don haka dubi inda aka zana allon a taswirar.

Dalilin zama a tsakiya shi ne manyan lasifikoki uku suna bayan allon ne. Allon yana da ƙananan huji dubbai da sauti ke ratsawa, kuma kusan duk maganar 'yan wasa daga lasifikar tsakiya take fitowa. Wanda ya manne da bango, lasifikar kewaye da ke bisa kunnensa za ta riƙa danne masa maganar, ya yi ta tambayar na kusa da shi me aka ce. Layin ƙarshe ma yana da nasa aibin: ƙarar ƙasa, irin mai girgiza ƙirji, takan taru a jikin bango ta yi kauri fiye da yadda aka nufa.

Ta fuskar hoto, ma'aunin THX, kamfanin da ke tantance ingancin zaurukan sinima, ya so faɗin allo ya cika digiri 36 na ganin wanda ke layin baya. Masu son hoto ya mamaye su sukan nemi digiri 45 zuwa 50. A lissafi mai sauƙi, nisanka da allo ya kasance tsakanin faɗinsa sau ɗaya da sau ɗaya da rabi. Allo mai faɗin mita 12, zauna tsakanin mita 12 da 18. Ba wanda zai shiga sinima da abin awo, to ga dabara: miƙe hannunka sosai, ka dunƙule shi, ka rufe ido ɗaya. Faɗin dunƙulen hannu a wannan nisa kusan digiri 10 ne. Jera shi daga gefen allo zuwa ɗaya gefen. Dunƙule huɗu zuwa biyar, ka dace. Ƙasa da uku, ka yi nisa, tamkar talabijin kake kallo. Bakwai ko fiye, wuyanka ne zai yi aikin da ido ya kamata ya yi, kana waige hagu da dama, kuma idan fim ɗin mai rubutun fassara ne a ƙasa, za ka yi ta sauka da hawa har ka rasa fuskokin 'yan wasa. Mai karanta fassara ya ƙara layi ɗaya ko biyu baya.

Layukan gaba kuwa, matsalarsu ɗaga kai. Ana so idonka ya kasance kusa da tsakiyar tsayin allon ko ƙasa da shi kaɗan. Awa biyu kana kallon sama, abin da za ka tuna ciwon wuya ne.

Idan ka samu kujerar da ta yi maka a wani zaure, rubuta lambarta. Ba ta canjawa.

Lokacin shiga

A manyan gidajen sinima, tallace-tallace da samfurin fina-finai masu zuwa sukan ci minti 15 zuwa 30 bayan lokacin da ke jikin tikiti. Wasu sukan fake da wannan su makara, kuma kuskure ne, domin ido yana bukatar lokaci. Wanda ya fito daga hasken rana, idonsa kan yi sabon farko da duhu cikin kamar minti 10, cikakken sabo kuwa sai minti 20 zuwa 30. Ma'aunin hasken allon sinima nit 48 ne kacal (nit awon hasken allo ne), alhali wayar da ke aljihunka tana fitar da ɗaruruwa. Shi ya sa leƙa waya na daƙiƙa biyar a tsakiyar fim yake ɓata maka fitowar da aka ɗauka da dare na wasu mintuna, ya kuma soki idon duk wanda ke bayanka. Kashe ta, ko ka sa ta a yanayin jirgi ka tura cikin jaka. Agogon hannu mai haskawa da an motsa shi ma a rufe shi.

Duba tsawon fim ɗin tun a gida. Wanda ya haura awa biyu da rabi, rage shan ruwa awa guda kafin shiga, ka zaga bayi lokacin talla. Ɗauki riga mai ɗan kauri, don na'urar sanyaya ɗaki an saita ta ne da lissafin cikar zaure, kuma idan mutane ba su da yawa sanyin kan yi yawa.

Zaɓen rana ya danganta da irin fim ɗin. Na barkwanci da na ban tsoro, jama'a ce gishirinsu, ka je daren farko ko ƙarshen mako. Fim mai nutsuwa da shiru a cikinsa, nemi kallon rana a tsakiyar mako.

Idan abu ya lalace

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Minti biyar na farko sun isa ka gane ko ana haska fim ɗin daidai.

Dishi-dishin hoto shi ne ya fi yawa. Na'urori da dama suna amfani da kwan fitilar zenon, wanda haskensa ke raguwa yayin da awanninsa ke ƙaruwa, kuma yana da tsada, don haka wasu wuraren sukan ja shi har ya gaji ko su rage masa wuta. Alamarsa, farar riga ta koma ruwan toka, fitowar dare ta zama laka, wani lokaci hasken ya riƙa rawa. Wani dalilin shi ne an bar matacin 3D, wato gilashin da ke tace haske don fim ɗin da ake kallo da tabarau, a gaban madubin na'urar alhali fim ɗin ba na 3D ba ne. A wasu na'urorin, idan ka waiwaya ga tagar ɗakin majigi za ka ga haske biyu, ɗaya bisa ɗaya, maimakon guda.

Rashin kaifin hoto, da rubutu ake gane shi. Dubi sunayen da ke fitowa a farko: idan bakin haruffa ya yi laushi ko ya fitar da ja a gefe ɗaya da shuɗi a ɗayan, saitin ya goce. Idan kawunan mutane sun yanke ko fassarar ƙasa ta faɗa wajen allo, an sa fim ɗin a sigar da ba tasa ba, misali mai 1.85 a saitin 2.39. Idan kana jin kiɗa da ƙarar mota raɗau amma magana kamar daga rijiya, lasifikar tsakiya ce ta samu matsala. Idan leɓe ya riga magana ko magana ta riga leɓe, hoto da sauti sun saɓa.

Duk waɗannan gyaransu na hannun ma'aikata, kuma a yau yawancin zauruka ba kowa a ɗakin majigi, kwamfuta ce ke kunna komai bisa jadawali. Idan ba wanda ya fita ya faɗa, ba wanda zai sani. Tashi tun da wuri, ka faɗi lambar zauren da ainihin abin da ka gani: "zaure na huɗu, kan mutane yana yankewa" ya fi "hoton bai yi kyau ba" saurin kawo gyara. Wanda ya jira har ƙarshe, hujjarsa ta neman tikitin madadin ta yi rauni.

Game da ƙarfin sauti, ana haɗa fim a matakin da ake daidaita kowace babbar lasifika a desibel 85, wato awon ƙarfin ƙara, tana iya tashi har 105 a wurin fashewa. A maɓallin ƙarar na'urar sauti ta Dolby wannan shi ne lamba 7, ko da yake wurare da yawa suna saukar da ita saboda ƙorafi. Mai kunne mai saurin gajiya, da wanda ya zo da yaro, ya sa abin toshe kunne irin na makaɗa a aljihu. Yana rage ƙara ba tare da ya murƙushe magana ba.

3D a taƙaice: matacin na'ura da tabarau tare suna cinye fiye da rabin hasken, don haka sai a zaure mai na'urar leza ko sabon kwai yake kyau. Sau da yawa allonsa mai ruwan azurfa ne, ya fi haske ga na tsakiya, ya dushe ga na gefe. Goge tabaran da ƙyalle mai laushi kafin a fara. Ciwon kan da yake sa wa wasu, asalinsa idanu suna haɗuwa a kan abin da ya yi kamar ya fito gaban hanci, alhali kaifin gani yana can jikin allo. Komawa baya yana rage shi.

Sake kallon tsohon masoyi

Idan aka dawo da fim ɗin da ka so tun kana yaro, tambayi abin da za a haska. Yawanci fayil ɗin dijital ne da ake kira DCP, mai kaifin hoto na 2K ko 4K, sau da yawa wanda aka gyara aka wanke. Wasu wuraren kuma har yanzu suna juya zaren fim na ainihi, mai faɗin milimita 35 ko 70, kuma kallonsa daban ne. Zaren 35 yana gudu ƙafa 90 a minti, hoto 24 a daƙiƙa, kuma kowane faifai ƙafa 2,000 ne, kusan minti 20. Inda ake amfani da na'ura biyu, za ka ga ɗan zobe ya ƙyafta a kusurwar dama ta sama, bayan 'yan daƙiƙu wani ya sake ƙyaftawa: na farko yana ce wa mai majigi ya tada na'ura ta biyu, na biyun ya sauya. Karce da ɗigo-ɗigo sun fi yawa a wannan gaɓa domin bakin faifai ne ya fi shan hannu. Kada ka ɗauke su aibi. Abin da za ka tambaya shi ne launi: kwafin zaren fim mai launi na Eastmancolor da aka buga daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 da yawa sun koma ja-ja, saboda rinin shuɗi da na rawaya sun riga na ja gudu.

Tambayi kuma wane yanka ne, don fim ɗaya kan sami na sinima da na darakta, tsawonsu ba ɗaya ba. Kuma kada ka sake kallonsa a gida ana saura kwana kaɗan. Bar wa allon abin da ka manta.

Tikiti

Mutane da yawa sukan jefa tikiti a akwati, bayan shekara biyar su buɗe su tarar da farar takarda. Yawancin tikitin yau a takardar zafi ake buga shi. Babu tawada ko ɗigo: sinadari ne a fuskar takardar da ke yin baƙi inda kan na'ura ya ɗumama. Ka ja farce da sauri a gefensa, idan ya bar baƙin layi, irinta ce.

Maƙiyanta zafi, hasken rana, danshi, maiƙon hannu, man tsabtace hannu mai sinadarin barasa, da roba mai laushi irin ta PVC da ake yin wasu walat da albam da ita. Selotef yana cinye rubutun da ke ƙarƙashinsa. Mafi muni shi ne lamineshin: zafin injin zai mai da tikitin baƙi ƙirin cikin daƙiƙa, kuma ba ya dawowa.

Abin yi, a ranar ko washegari, ɗauki hotonsa a shimfiɗe cikin haske mai kyau, ko ka yi masa sikanin a 600 dpi, gaba da baya. Yi fotokwafi ɗaya, domin hodar injin fotokwafi ba ta gushewa kamar haka. Na asalin ka sa shi a ambulan na takarda marar asid ko leda ta folifurofilin, kowane tikiti shi kaɗai, fuska ba ta taɓa fuskar wani ba, a aljihun tebur mai duhu da sanyi. In a littafi za ka sa, yi amfani da 'yan kusurwoyin maƙala hoto, ban da gam. Rubutu a bayansa da fensir, a hankali.

Wanda ya riga ya dushe, yi masa sikanin da launi, ka ƙara bambancin haske da duhu a kwamfuta. Sau da yawa rubutun kan fito a karanta. Akwai masu hura masa iska mai ɗumi ta baya don farin ya yi duhu rubutun ya bayyana fari. Yana yi wani lokaci, amma ɗumin ya ɗan zarce, shi ke nan. Sai bayan sikanin, kuma ba a kan wanda kake ji da shi ba.

Tikitin waya ma yana ɓacewa idan manhaja ta sauya ko ta share tsohon tarihi. Ɗauki hoton fuskar wayar, ka tara su a jaka ɗaya, sunan kowanne ya fara da kwanan wata. Hoton tunawa kuma a gaban fosta za ka ɗauka a farfajiya. Ɗaukar allon yayin da fim ke gudana laifi ne a dokar ƙasashe da yawa.

Littafin kallo

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da kwanakin farko, daga nan ta lafa. Don haka rubutun daren da aka yi kallo ya fi na bayan mako guda nesa ba kusa ba. Kuma a yi shi kafin karanta sharhin kowa, domin da zarar ka ji ra'ayin wani, naka ya gauraye da shi, ba za ka iya tsame shi ba.

Minti biyar sun isa. Kwanan wata, sinima, zaure, kujera, siga, da wanda kuka je tare. Sannan abin da ba za a samu a intanet ba: fitowa ɗaya da ta tsaya maka, sauti ɗaya, wurin da zauren ya fashe da dariya ko ya ɗauke numfashi, da maganar farko da abokin tafiyarka ya yi da aka kunna fitilu. Kada ka ɓata tawada kan taƙaita labari, wannan yana nan ko'ina. Manhajoji irin su Letterboxd suna riƙe kwanan wata da maki, amma ka riƙa sauke kwafin bayananka lokaci-lokaci.

Kallon da ya wuce shekaru ba a rubuta ba, ana iya tono shi. Bincika imel da sunan sinimar, rasit kan fito. Duba kwanan watan hotunan da ke wayarka ta dā. Nemo shekarar da fim ɗin ya fito a ƙasar da ka kalle shi, don takan bambanta da ta ƙasar da aka yi shi, wani lokaci da watanni. Tsofaffin jaridu da ke ɗakunan karatu suna ɗauke da jadawalin sinima na kowace rana. Idan za ka tambayi wanda kuka je tare, bar shi ya ba da nasa tukuna, kada ka sa masa magana a baki. Inda kuka saɓa, rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi, ka sa alamar tambaya da fensir a gefen kwanan watan da ba ka tabbatar ba.